Tsarabar Ishigaki

Tun da jirgin ruwan masu yawon shaƙatawa ya tsaya a tsibirin Ishigaki, wata mata tana cikin shagon tsarabar Chiharu, da malafa da doguwar safar hannu, kada rana ta taɓa ta. Kwalayen biskit take jerawa, tana ambaton maƙwabta ɗaya bayan ɗaya. Da alama a layinsu ba a yafe mantuwar tsaraba.

Jirgi ya busa ƙaho. Mijinta ya leƙo.

"Maman yara, za a tafi a bar mu. Ko bakin ruwan ba ki taka ba."

"Kai da ba ka gaisawa da kowa, me ka sani?"

Ta rungumi kayanta, ta sunkuyo wajen Chiharu.

"'Yata, yashin naku fari ne ko ja? Za su tambaye ni."