Ranar da Na Zuba wa Ƙanena Gahawa

A Makka aka haife ni, a nan na koyi gini, amma a takarda ni baƙo ne. Lokacin da mahaifinmu ya samu jinsiyya, wato shaidar zama ɗan ƙasa, shekaruna sun riga sun wuce waɗanda doka ta yarda ɗa ya bi ubansa. Autanmu kuwa yana rarrafe, sai ya shige. Uwa ɗaya uba ɗaya, shi Basa'ude, ni mai ikama, wato takardar izinin zaman baƙo.

Na daɗe ina karɓar ƙananan ayyuka a unguwar Shisha ba tare da kowa ya tambaye ni lasisi ba: ƙarin ɗaki a saman bene, katanga, gyaran bayan gida. Da aka tsananta bincike, masu gidaje suka fara jin tsoro. Duk wanda na je wurinsa sai ya ce, "Ya mu'allim, aikinka ba laifi, amma ina rajistar kamfaninka?" Ma'aikatana suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Baƙo irina kuwa ba a ba shi lasisin ɗan kwangila.

Auta ne ya kawo shawara. Yana sayar da turare da carbi a unguwar Aziziyya, kuma ko a mafarki bai taɓa kwaɓa siminti ba. Ya ce, "Yaya, a buɗe kamfani da sunana mana, kalas, shi ke nan."

Haka muka yi. Muka kama ɗan ofis a unguwar Kudai, don sai da adireshi da allo a ƙofa baladiyya, wato hukumar gari, ke ba da izini. Ya yi rajistar kasuwanci, aka zo aka duba wurin, sannan aka mayar da ikamata ƙarƙashin kamfanin. Ƙanena ya zama kafilina, wato ubangidan da ya tsaya mini a wurin hukuma. Duk ofishin da muka je shi ke shiga, ni ina mota ina fifita da kwali. Na ce masa zafin layi ne ba na so. Ƙarya nake yi, kunya ce.

Akwai abin da muka sani mu biyu, ba ma faɗa. Idan aka gane ɗan ƙasa ya ara wa baƙo sunansa ne kawai, to shi zai fuskanci hukunci, ni kuma a kore ni zuwa ƙasar da ban taɓa kwana a cikinta ba. Don haka a gaban mutane dole shi ne maigida.

Babban aikinmu na farko na wani dattijo ne Balarabe da yake son ƙara hawa biyu a gidansa. Ya ce sai ya zo ofis ya ga mai kamfani da idonsa. Na sa Auta ya zauna a babbar kujera bayan tebur, ya yi ta mutsu-mutsu kamar an ɗora shi a kan garwashi. Ni na raɓe a kusa da ƙofa.

Aka gaisa. Sai Auta ya miƙe ya ɗauki butar gahawa. Haka muka tashi a gidanmu, ƙarami ke zubawa, yana tsaye, babba yana zaune. Ya zuba wa baƙo, sannan ya juyo gare ni da finjali, har da ɗan rusunawarsa.

Dattijon ya dube shi, ya dube ni. Ya ce da Larabci, "Abin mamaki. Mudir, shugaban kamfani guda, shi ke yi wa magini hidima? To wane ne mai kamfanin a cikinku?"

Na yi dariyar yaƙe, na ce maigidana mutum ne mai tawali'u, na karɓe butar daga hannunsa. Na zuba, na tsaya a gabansa, na miƙa masa. "Tafaddal, ya mudir."

Ya ƙi karɓa. A hankali ya ce da Hausa, "Haba Yaya."

Ni ma da Hausa na ce, "Karɓi, don ubanka, yana kallonmu."

Ya karɓa da hannu biyu. Na tsaya riƙe da buta ina jiran ya sha, furfurata a fili, ina ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Dattijon ya gamsu, ya sa hannu a takardar kwangila, ya tafi.

Ƙofa na rufuwa Auta ya tashi daga kujerar. Idanunsa sun yi ja. Ya ce, "Wallahi ba zan iya ba, Yaya. Gobe zan je in soke lasisin nan. Gara in rasa komai da ka sake tsayawa a kaina."

Na so in daka masa tsawa irin ta da, amma na fasa. Idan ya soke, ba aiki, ba ikama, ba Makka. Na ajiye butar, na kama hannunsa.

Na ce, "Ka yi wa Allah ka bar shi. Dattijon nan zai dawo ranar Lahadi. Ka zauna, ka bar ni in zuba maka."