Tsohuwar da Ta Raba Gardamar Fenti

A kasuwar tsofaffin babura ta garin Mandello, maƙwabcina Ottavio da wani Fulvio suna musu tun safe. Kowa ya kafe cewa jan babur ɗinsa ne mai fentin asali. Masu saye sun yi cirko-cirko.

Sai ga wata gajeriyar tsohuwa da jakar cefane. Ba ruwanta da inji. Tana bin siririn layin ruwan zinariya na jikin tankin babur ɗin Ottavio da ɗan yatsa, hannun ko rawa ba ya yi. Ina zaton a masana'antar baburan garin ta ƙarar da ƙuruciyarta, riƙe da burushin fenti.

"Inna, a yi hankali da fentin," in ji Ottavio.

"Ni za ka gaya wa? Na ja layin nan tun ba a yaye ka ba." Ta juya ga na Fulvio. "Wannan kuma aikin abokiyar aikina Pierina ne, bahaguwa ce, daga dama take farowa. Duk na asali ne, ku daina ɓata yawu."

Fulvio ya tambaye ta wanne ya fi kyau.

"Nata," ta ce. "Amma kada ku gaya mata, tana nan da ranta."