Gyara a Kan Mudun da Bai Cika Ba

Sikeli ake ce mata a kamfanin da ke ɗura shinkafa a buhu. Shekara ashirin da biyu ke nan tana tsaye gaban ma'auni, bakinta kuma ya ɗauko halin aikinta, ba ya yi wa kowa ragi. Tun da mijinta ya rasu take zaune a ɗaki ɗaya na haya, mai taga guda da ƙofar da sai an ɗaga ta da ƙafa take rufuwa. 'Yarta ta sha roƙonta ta dawo gidansu. Ita kuwa ta rantse gara ta kwana a tasha da ta ci tuwon suruki, tana jin tarinsa ta bayan bango.

Lissafinta ba na takarda ba ne. Da ta fara aiki, albashinta na wata yana ɗaukar buhu uku na shinkafar da take aunawa. Yanzu guda ma sai ta cika daga aljihu.

Ranar wata Litinin manaja ya tara ma'aikata a tsakar kamfani. Yaro ne sabon shiga, sa'an 'yarta, ga tumbi tun ba a je ko'ina ba. Ya gyara murya ya ce an duba halin da ake ciki, an yi wa albashin kowa gyara, kashi goma cikin ɗari. Sai ya tsaya yana jiran tafi. 'Yan neman gindin zama suka tafa masa.

Sikeli ta ɗaga hannu. "Yallaɓai, ka taɓa zuwa kasuwa da ƙafarka?"

"Me ya kawo wannan, Inna?"

"Gyara sai an cika mudu ake yin sa. Mai awo ya cika maka fal, sannan ya ɗibo da hannu ya zuba. Ku kun bar mudu rabi, kun yafa mana ƙwaya goma, kuna so mu durƙusa?"

Manaja ya haɗe rai. "Wanda bai gode wa kaɗan ba, ai ba zai gode wa mai yawa ba."

"Kawo mai yawan ka gwada ni."

Aka kwashe da dariya, amma dariya ba ta biyan haya. Abin haushin shi ne labarin ya riga kuɗin isa unguwa. Kamfani ya sa an faɗa a rediyo, don duniya ta san kirkinsa. Mai kanti ya ji, direban bas ya ji, mai ruwa ya ji, kowa ya ɗaga nasa. Ranar Alhamis sai ga mai gidan haya a ƙofarta, yana murmushin nan nasa da ta tsana.

"Barka da arziki, Inna. Mun ji an yi muku ƙari."

"Ƙari dai irin wanda likita ke yankewa."

Bai yi dariya ba. Ya ce daga wata mai zuwa haya ta hau da kashi ɗaya cikin uku, siminti ya yi tsada. Ta nuna masa bangon da rabonsa da siminti tun tana da jajayen sawu. Ya ce in ba ta iyawa, akwai mutum biyu da ke jira.

Wata biyu ta yi tana kokawa. Ta daina hawa bas, ta koma cin abinci sau ɗaya, ta sayar da rediyon da ya jawo mata. A wata na uku ta kira 'yarta, ta ce a share mata ɗakin nan na kusa da kicin. Ranta ya ɓaci matuƙa.

Mai amalanke ya ɗaure katifa da tukwane, suka tura har ƙofar gidan surukin. Ta miƙa masa abin da aka saba biya. Ya juya kuɗin a hannu, ya dube ta.

"Haba Inna, ai sai ki gyara. Ku da aka yi wa ƙari?"