Bututun Da Ya Ratsa Tsakar Gidana

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safiyar Laraba, 9 ga Afrilu, 2025, Allah ya karɓi ran maƙwabcina, Injiniya Abdulsalami na Inkil, wanda ya ƙare rayuwarsa yana koyar da ilimin ruwa a Yelwa.

Injiniya, ban taɓa jin ka zagi mutum ba, amma gwiwar bututu ta sha zagi a bakinka. Kullum cewa kake yi duk inda bututu ya lanƙwasa, ruwa sai ya bar wani ƙarfinsa a wurin. Ko gaisuwa ka je, kafin a shimfiɗa tabarma ka zagaya baya kana ƙirga gwiwoyi kana girgiza kai.

Da za mu jawo ruwa daga tankin unguwa, John mai gyaran famfo ya so ya bi jikin katanga. Ka yi lissafinka a ƙasa da tsinke, ka ce kafin ruwan ya gama kewaye-kewayen nan zai iso a gajiye. Haka bututun ya ratsa tsakar gidana a miƙe, ba ko kunya. Ni na yi tuntuɓe da shi, surukina ya yi. Matata Lailatu kuwa, ranar da ta kife da tukunyar miya ta rantse sai an cire shi. Da ka ji, ka zo har gida ka ce, "Hajiya, ƙafa ake ɗagawa, ba a lanƙwasa ruwa." Ita kuwa ta aika wa John ya zo ranar Laraba.

Ya zo da zartonsa, ya tarar da rasuwarka. Ba wuta, ruwan tanki ya yi ƙasa, famfunan layinmu duk sun ƙafe, har da na gidanka da magina suka cika wa gwiwoyi kana Makka. Namu kaɗai ke zuba. Lailatu ce ta tara bokitan da aka yi maka wanka da su, tana kuka. Ta ce wa John, "Mayar da zartonka."

Wallahi na yi kewarka. Jiya ma na sake tuntuɓe, sai na ji bakina ya ce, "Allah ya jiƙanka."

Allah ya gafarta maka, ya haskaka kabarinka, ya miƙe maka hanya zuwa Aljanna. Matar marigayi, Hajiya Azumi, da yara, Allah ya ba ku haƙuri, ya ba mu baki ɗaya.