Ruwan da Bai Kai Magudana Ba

Har gobe ba na manta ranar da na rufe hanya ba da izini ba. Lokacin ina ƙaramin injiniya a kansil, wato ƙaramar hukuma, shekarun da ake ta rage ma'aikata. Ofishinmu mutum biyu za a sallama a wata mai zuwa, ni kuma na fi kowa sabunta.

Hanyar ita ce wadda ta ratsa tsakanin duwatsu a gabashin Manchester. Ƙarƙashin duwatsun nan duk tsofaffin ramukan haƙar dalma ne, daga samansu kuma akwai wurin fasa dutse, tireloli na saukowa da kaya yini guda. A ƙa'ida, babban injiniya kaɗai ke da ikon rufe ta.

Ranar ana tafka ruwa da rana tsaka, na tarar da tirela tsaye a kwana, motoci sun yi layi suna ta oda. Direban dattijo ne, Baba Bulus, mutumin Bukuru mazaunin unguwar Lozells. Da ya ga sunana a katin wuya sai ya juya Hausa.

"Injiniya, zo ka gani. Ina ruwan nan yake zuwa?"

Ruwa na gangarowa gefen kwalta, amma kafin ya kai magudana sai ya ɓace. Babu tsaga, babu komai.

"Baba, taswirata ba ta nuna rami a nan ba."

"Ubana kuza ya haƙa. Ƙasar da ke shan ruwa haka, cikinta wayam ne. Ni kam ba zan hau ba."

Na kira oga, babban injiniya. Ya ce kada in kuskura in rufe hanyar, babu kuɗin bincike, in kuma na rufe to in kuka da kaina. Ga iyalina a unguwar Longsight da aikin nan muke ci, ga wata tirelar ta taho daga sama, ina jin kukan birkinta. Na jawo motar ofis na gicciya ta a hanya.

Kwana biyu ba wanda ya amsa gaisuwata a ofis. A na uku aka kawo injin huda ƙasa. Ƙarfen bai shiga kamu ɗaya ba ya zurma, rami ne wanda zai haɗiye bas.

Aikina ya tsira, har da yabo a rahoto. Da na kira Baba Bulus in yi godiya, sai ya ce kamfaninsu ya ba shi takardar gargaɗi saboda ya makara da kaya. Kunya ta kama ni.

To ku sabbin injiniyoyi, ku riƙe wannan: in kun ga direba ya tsaya a kan dutse, ku fito daga mota ku tambaye shi abin da ya gani, kuma ku sa sunansa a rahoto. Ni ban sa ba.