Ranar da Inna Ta Kira Sunana

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Na ɓace muku tun bara. Masu cewa na yi kuɗi na manta mutane, na yafe muku. Jinyar mahaifiyata nake yi. Kansar mama ce.

Ni ce 'yar farin Inna, kun kuwa san yadda abin yake a wajenmu. A Tibiri na tashi, hannun kakata. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ke," ko "waccan." In na je Jiratawa gaishe ta, idonta na kan zogalen da take tsigewa har in tashi. Ban taɓa jin haushi ba, haka na ga ana yi.

Wannan kunyar ce ta kusa kai ta kabari.

Ƙullutu ya fito mata a maman dama, ba ya ciwo. Kowace Juma'a ina zuwa daga unguwar Zariya a Maradi, ta kasa gaya mini. Na lura ta koma ɗaukar kwando da hagu, na tambaya, ta ce sanyi ne. Sai da ƙanwata Balki ta zo daga Damagaram da Sallah, sannan Inna ta nuna mata. A lokacin wurin ya fara ruwa.

Muka kai ta babban asibiti a Maradi. Aka yi ekografi, wato hoton cikin maman, aka ɗebi jini, aka yanki ɗan nama aka tura Yamai. Jiran sakamakon nan ba na yi wa maƙiyina fatansa.

Da ya zo, likita ya dube ta. "Inna, tun yaushe kike da wanga abu?"

"Tun kahin damina," in ji ta.

Bai yi faɗa ba. Ya ce an makara, amma ba a makara duka ba. Za a cire maman, sannan a shiga shimiyo, maganin da ake sawa ta jijiya, kuma a Yamai ne.

Mutanen gari suka taso mana, wai ciwon daji ba ya son ƙarfe, in allura ta taɓa shi bazuwa yake. Na ce musu ai ya riga ya bazu ba a taɓa shi ba. Wasu har yau ba sa amsa gaisuwata da kyau.

Muka sayar da shanun noma. Saura mai jinya. Balki na da tsohon ciki, babanmu ya rasu, babu kowa sai ni.

Da Inna ta ji, sai ta ce wa Balki, ina zaune a wurin: "Hwaɗa ma waccan, ni ba ta wanke ni. Gara in mutu ɗakina."

Na fita bayan gida na yi kuka mai isata. Da ƙyar ta yarda ta shiga mota, bisa sharaɗin ita za ta riƙa yin wankanta.

Aka yi aikin. Aka fara shimiyo. Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Amai har sai babu abin da ya rage. Baki duk gyambo, kunu ma sai da lallashi. Gashinta ya zube, tana tattarawa tana ɓoyewa cikin kallabi don kada in gani. Matar da ke ban ruwan fadama ita kaɗai, kofi ya gagare ta.

Duk da haka, a gidan da muka sauka, ni dai in kai bokiti makewayi in dawo. Likita ya ce kada a bar ta ita kaɗai. Na gaya mata, ta ce in na sake tada zancen, gobe tana Jiratawa. Na san za ta aikata, na kuma san in ta koma, shi ke nan.

Wata safiya bayan zagaye na uku na shimiyo, ina wanke-wanke, na ji ana cewa, "Ramatu."

Wallahi ban amsa ba. Na waiga ƙofar gida, na ɗauka maƙwabciya ce. Ban san sunana da wannan muryar ba.

"Ramatu, taho ki kama ni."

Na same ta a ƙasa, ta jingina da bango, sabulu a hannu. Ranar na fara ganin tabon aikin. Na wanke ta kamar jaririya, ina zuba ruwa hawaye na bin fuskata. Ba ta dube ni ba.

Ina ɗaura mata zane na ce, "Inna, ashe kin san sunan nawa."

Ta ce, "Kullum ina hwaɗinshi in na kai goshi ƙasa. Ke ce ba ki ji."

Ba mu gama ba. Akwai sauran zagaye, akwai gasa wurin da na'ura a gaba, likita kuma bai yi mana alkawarin komai ba, ya dai ce jiki na karɓar magani. Wasu ranakun tsoro yakan hana ni cin abinci.

Amma na gode wa Allah. Na gode wa ma'aikaciyar da ke neman jijiyar Inna da haƙuri tana tsokanarta, da matan fadama da suka riƙe mata zogalenta bai bushe ba, da maƙwabciyata Kirista da ta riƙe mini yara ba ta taɓa ƙorafi ba.

Mata, ku riƙa taɓa jikinku. Ƙullutun da ba ya ciwo ma a kai shi asibiti. 'Ya'yan fari kuma, in uwa ba za ta iya gaya muku ba, ku tura wadda za ta iya gaya wa, ta tambaye ta kai tsaye, yau ba sai Sallah ba.

Satin nan muna gida hutun magani. Jiya ta zauna a tabarma tana tsigar zogale, ta ce wa Balki, "Hwaɗa ma waccan ta miƙo mini tire."

Balki ta ɓata rai. Ni kuwa dariya na yi har da ƙwalla, don na gane ƙarfi ya fara dawo mata.

Ku sa Inna a addu'a. Ta ci gaba da ce mini "waccan" shekaru masu yawa, ni hakan ya ishe ni.