Dutsen da Yaya Ya Haƙo a Roni

Yayana manomi ne a wani ƙauye da ke gefen Roni, ni kuma ina koyar da Larabci a wata sakandare a Kazaure. Shekara shida ya ba ni. Da mahaifinmu ya rasu, shi ya bar makaranta ya riƙe gona don in ci gaba da karatu, kuma bai taɓa yi mini gori ba.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai yi ido ba, sai ga shi ya sauka daga acaɓa a ƙofar gidana. Ya same ni a zaure da abokan aikina biyu. Bayan an gaisa, ya zaro ƙullin tsumma daga aljihu, ya kwance a hankali. Wani farin dutse ne kamar babban yatsa, haske na ratsa shi.

"Malam," haka yake kirana tun da na fara koyarwa, "duba mini wannan. A gindin dutsen bayan gonarmu na haƙo shi. Mutane sun ce lu'ulu'u ne."

Da ni kaɗai ne, wataƙila da ba haka na amsa ba. Amma ga abokai suna kallo, sai son a san na sani ya motsa mini.

Na ce, "Yaya, ai lu'ulu'u tun asali ba a tudu yake ba. Kalmar daga Larabci muka aro ta. Wani ɗan farin ƙwallo ne da ake samu a cikin ɓawon wata halittar teku, sai an yi nutso. Mu da ba mu da teku muka ɗora sunan a kan daimon da duk wani dutse mai tsada, har mutum yakan kira 'yarsa da shi saboda ƙauna."

Ban tsaya nan ba, sai da na bi ta kan yakutu da murjani kamar ina gaban allo. Sannan na miƙa masa kayansa na ce, "Wannan kuwa dutsen ƙanƙara ne kawai. Yara ma da ita suke wasa."

Ɗaya daga cikin abokan ya yi dariya, ni ma na taya shi.

Yaya ya mayar da dutsen cikin tsumma ya ƙulle. Ya ce, "To, Allah ya ƙara sani." Na ce ya tsaya a kawo abinci, ya ce yamma tana yi. Ban tambaye shi abin da ya kai manomi haƙa a gindin dutse ba. Sai daga baya matarsa ta gaya mini kwana tara ya yi yana haƙar, kuma hatsin da ya rage a rumbunsa bai fi na mako biyu ba.

Ba a yi wata guda ba ya bi wasu mutane ta Babura zuwa Nijar, wajen haƙar zinariya can cikin hamada. Bai yi mini sallama ba. A bakin Inna, mahaifiyarmu, na ji. Sau biyu muka yi waya da shi. Kowane karo na so in ba shi haƙuri, sai in ga ban-haƙuri ta waya bai dace da yaya ba, bari ya dawo in je in durƙusa.

A wata na biyar wani mutumin Gwiwa da suka tafi tare ya zo makaranta ya sa aka kira ni daga aji. Ya kama hannuna bai saki ba.

"Rami ne ya rufta," in ji shi. "Su uku ne a ciki. Can aka binne su."

Ni ne na kai wa Inna labari. Na tarar da ita a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Tana ganina a ranar aiki ta ture ƙwaryar gefe. Na durƙusa na faɗa mata. Ta daɗe tana salati a hankali, idonta a ƙasa. Can ta ɗago ta ce, "An yi masa wanka?"

Ban sani ba, domin ban tambayi mutumin ba. Na ce mata an yi. Ta gyaɗa kai, ta dafa bango ta miƙe, ta nufi ɗakin surukarta, matar Yaya.